Kundin Aikina na Rubuta Nahawun Sifaniyanci da Hausa

6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aka kwana a aikin da na ɗaukar wa kaina, wato tsara ɗan littafin da zai bayyana nahawun Sifaniyanci da Hausa kai tsaye, ba tare da an bi ta Ingilishi ba. Shekara uku ke nan ina koyon harshen, kuma duk littattafan da suka zo hannuna an rubuta su ne domin wanda ya tashi da Ingilishi, saboda haka sukan cika shafuka wajen fahimtar da mai karatu abin da Bahaushe ya sani tun yana goye, kamar cewa ƙofa da tebur suna da jinsi, sannan su yi shiru a wuraren da Bahaushe yake tuntuɓe. Harshen da kusan mutum miliyan 500 suka buɗe baki da shi, wanda kuma gwamnatocin ƙasashe 20 suke aiki da shi, har da Ikwatoriyal Gini da muke maƙwabtaka da ita ta teku, ya cancanci a yi masa ƙofar shiga daga Hausa.

Akwai tambaya ta biyu da take tafe da aikin, kuma ita ce ta fi ci mini rai: shin nahawun harshe yana juya tunanin mai magana da shi, kuma idan yana juyawa, zuwa ina iyakarsa? Na tsara babi goma sha biyu. Kowane babi zan gwada shi a kan mutum uku da suka yarda su zama ɗalibaina, wato ƙanena da wani abokin aikina da kuma 'yar yayata da take shekarar ƙarshe a sakandare, sannan in karanta wa malamata, 'yar birnin Bogota a Kolombiya, misalan Sifaniyancin a darasin da muke yi ta intanet kowane mako domin ta gyara.

20 ga Janairu, 2024

Babin jinsi ya kammala, kuma bai ba ɗalibaina wahala ba. Da na ce musu kalmar da ta ƙare da "a" galibi tamace ce, sai 'yar yayata ta ce ai haka abin yake a Hausa, ta kuma kawo masu karya doka da kanta: ruwa, gida, nama, suna. Na nuna mata cewa Sifaniyanci ma yana da nasa, irin su "el día" da "el problema" waɗanda maza ne duk da ƙarshensu, da "la mano", wato hannu, wadda tamace ce ko da yake ta ƙare da "o". Abin da ya zame musu sabo shi ne jinsi a jam'i, domin Hausa takan ajiye shi da zarar abu ya wuce ɗaya, yayin da Sifaniyanci yake riƙe da "los" da "las" har ƙarshe.

Na daɗe a kan wani bincike da ake yawan kawowa a wannan fage. A shekarar 2003 Lera Boroditsky da abokan aikinta sun ruwaito cewa Jamusawa, waɗanda mabuɗi namiji ne a harshensu, sun siffanta shi da tauri da nauyi, masu Sifaniyanci kuma, waɗanda "la llave" tamace ce a wurinsu, suka siffanta shi da ƙanƙanta da kyau. A kan gada kuma abin ya juye, domin tamace ce a Jamusanci, namiji a Sifaniyanci. Labari ne mai daɗin ji, kuma da farko na so in buɗe babin da shi. Sai na gano cewa a 2014 wasu masu bincike, Mickan da Schiefke da Stefanowitsch, sun maimaita gwajin ba su sami wannan sakamako ba. Na cire shi daga cikin babin, na bar masa layi biyu a gefe.

Hausa ma ta ba ni dalilin yin taka-tsantsan. Rana tamace ce a wurinmu, wata namiji, akasin "el sol" da "la luna". Gada tamace ce, mabuɗi namiji, daidai da Jamusanci. Amma a wasu kare-karen Hausa, kamar na wajen Bauchi da Hausar zango a Gana, bambancin jinsi a sunayen abubuwa ya yi rauni ƙwarai ko ya ɓace, kuma ban taɓa ganin alamar cewa ɗan Bauchi yana kallon rana da wani ido daban da na Bakatsine ba. Inda na yarda jinsi yana aiki shi ne idan mawaƙi ko mai zane ya tashi mayar da abu mutum, domin a nan nahawu yakan riga shi zaɓa. Mutuwa mace ce a bakin Bahaushe, haka "la muerte" mace ce a zane-zanen Meziko, amma Bajamushe namiji yake zana ta.

3 ga Fabrairu, 2024

Wannan shi ne makon da ya tabbatar mini aikin yana da amfani. Sifaniyanci yana da aikatau biyu na kasancewa, "ser" da "estar", kuma littattafan da na koya da su sun ce na farko na abin da yake dawwamamme ne, na biyu na abin da yake wucewa. Na yi shekara biyu ina ɗauke da wannan doka ina kuskure, domin mamaci "está muerto" ake ce masa, alhali babu abin da ya fi mutuwa dawwama, matashi kuma "es joven" ake ce masa, alhali ƙuruciya wucewa take yi.

Ranar Talata da dare ina rubuta misalai sai na fassara "está muerto" ba tare da na yi tunani ba, na rubuta "a mace yake". Na ci gaba: "está abierta", a buɗe take, "está sentado", a zaune yake, "está roto", a karye yake, "está en Kano", yana Kano. A ɗaya ɓangaren kuma "es maestro", malami ne. "Es mi hermana", 'yar'uwata ce. Ashe rabon da Sifaniyanci ya yi shi ne kusan rabon da Hausa ta yi tsakanin dirka, wato "ne" da "ce", da kuma "yana" ko "yake". Ɗaya yana faɗin abin da mutum yake a jerin halittu da matsayi, ɗayan yana faɗin halin da aka same shi a ciki ko wurin da yake. Asalin kalmomin ma ya goyi bayan haka, domin "estar" ta fito ne daga kalmar Latin "stare", wadda take nufin tsayuwa.

Na gwada wa ƙanena da jimloli ashirin, na ce ya fara faɗin kowace da Hausa kafin ya zaɓi aikatau, ya ci goma sha bakwai a karon farko. Misalin da ya fi burge shi shi ne bambancin "eres guapa" da "estás guapa": na farko ke kyakkyawa ce, na biyu kin yi kyau, kuma kowane Bahaushe ya san waɗannan biyun ba magana ɗaya ba ce, musamman ranar biki. Haka "es listo", mai wayo ne, da "está listo", ya shirya. Haka "es aburrido", mai gundurar mutane ne, da "está aburrido", ya gundura. Guda uku da ya faɗi, biyu daga ciki a kan wurin aukuwar taro ne, inda ake cewa "la boda es en Sevilla" da "ser", ko da yake Bahaushe zai ce "a Sabiya za a yi bikin". Na buɗe wa wannan sashe na musamman domin a nan kwatancen da Hausa ya tsaya.

Game da tambayata ta biyu, abin da na rubuta a gefen takarda shi ne: mai Sifaniyanci ba zai iya cewa wani yana baƙin ciki ko ya yi ƙiba ba sai ya yanke hukunci ko halinsa ne ko yanayi ne ya same shi, kuma yana yanke wannan hukunci sau ɗaruruwa a yini ba tare da ya lura ba.

17 ga Fabrairu, 2024

Wakilan suna da kalmomin zumunta. "Tú" ba ta bambanta kai da ke, abin da ya ba abokin aikina mamaki, amma "nosotros" da "nosotras" sun bambanta mu maza da mu mata, wanda Hausa ba ta yi. Kalmar girmamawa "usted" ta taƙaitu ne daga "vuestra merced", wadda ma'anarta ta yi kusa da "alherinku", shi ya sa har yau take tafiya da aikatau na mutum na uku, kamar yadda bafade zai ce "Sarki ya kwana lafiya?" alhali da sarkin yake magana. Malama ta gaya mini cewa a gidansu da "usted" take kiran mahaifiyarta da ƙannenta, kuma a yankin Boyaka har yanzu ana jin "sumercé". A Ajantina da Urugwai kuwa "vos" ce ta maye gurbin "tú".

Da na so in gabatar mata da ɗan'uwana na ce "mi hermano", sai na ji jimlar ba ta cika ba a bakina, na ƙara "menor" domin ta san ƙane ne. Ita ba ta bukaci wannan ba. Haka "tío" ya haɗe kawu da baffa, "tía" ta haɗe gwaggo da inna. Bahaushe galibi ba ya ambaton ɗan'uwa ba tare da ya faɗi wanda ya girmi wani ba, ko ta wane ɓangare aka haɗu.

9 ga Maris, 2024

Mako uku na yi a kan ƙaramar kalmar nan "se", kuma abin da ya buɗe mini babin ya faru ne a tsakar gidanmu. Ƙaramar 'yar yayata, mai shekara bakwai, ta ɗauko farantin tangaran daga madafa za ta kai wurin wanke-wanke, hannunta da sauran mai, sai muka ji tartsatsinsa a kan siminti. Ta tsaya tana kallon ɓaraguzan, sannan ta ɗago kai ta ce, "Umma, farantin ya fashe." Uwarta ta ce, "Da kansa ya fashe? Ce mini za ki yi kin fasa." Yarinyar ta ce, "Wallahi suɓuce mini ya yi." Na tashi na ɗauko littafina na rubuta jimlolin uku yadda suka fito, domin su ne ainihin matakai ukun da nake ta neman hanyar bayyanawa.

Sifaniyanci yana cewa "rompí el plato", na fasa faranti, inda mai magana ya ɗauki aikin a kansa. Yana cewa "se rompió el plato", faranti ya fashe, inda babu kowa a cikin jimlar. Sannan yana da na uku, "se me rompió el plato", faranti ya fashe mini, inda mai magana yake ciki amma a matsayin wanda abin ya faɗa wa. Da wannan tsari ake faɗin yawancin tsautsayi na yau da kullum: "se me cayó", ya faɗi daga hannuna, "se me perdió", ya ɓace mini, "se me olvidó", wanda a zahiri yake nufin abin ne ya mantu mini. Hausa tana yin wannan aiki ta hanyar sauya ƙarshen aikatau, daga fasa zuwa fashe, daga karya zuwa karye, daga ɓatar zuwa ɓace, abin da F. W. Parsons ya tsara a 1960 cikin giredin aikatau guda bakwai, sannan ta ƙara "mini" daidai inda Sifaniyanci yake sa "me".

A nan akwai binciken da na ga ya fi na mabuɗi da gada ƙarfi. A 2011 Caitlin Fausey da Lera Boroditsky sun nuna wa masu Ingilishi da masu Sifaniyanci gajerun hotunan bidiyo na mutane suna fasa balan-balan ko ƙwai ko zubar da abin sha, wani lokaci da gangan, wani lokaci bisa kuskure. A kan abin da aka yi da gangan, ɓangarorin biyu sun ambaci wanda ya aikata, kuma sun tuna shi daidai wa daida. A kan tsautsayi kuwa, masu Ingilishi sun fi ambaton mai aikatawa, kuma daga baya sun fi masu Sifaniyanci tuna ko wane ne. Bambancin ba babba ba ne, amma yana nan, kuma ya shafi abin da ƙwaƙwalwa ta ajiye, ba abin da baki ya faɗa kawai ba.

Ina da ƙorafi a kan yadda wasu suke fassara wannan sakamako, suna cewa harshen yana koya wa mutanensa gudun laifi. Wannan rashin adalci ne ga harshen, kuma abin da ya faru a tsakar gidanmu shi ne shaidata. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, domin ba ta yi nufin fasawa ba, uwarta kuma ba ta ruɗu ba, domin nan take ta mayar da ita ga ɗayar jimlar. Harshen da yake da hanyoyi uku yana ba mai magana damar bambanta ganganci da tsautsayi a cikin nahawu, yana kuma ba mai sauraro damar ƙin amincewa da zaɓin da aka yi. Malama ta ce iyaye a Kolombiya ma haka suke tsare yara da tambayar "¿Se rompió solo?", wato shi kaɗai ya fashe?

30 ga Maris, 2024

Azumi ya rage mini ƙarfin rubutu, sai na koma ga aikin da ba ya bukatar dogon zama, wato tattara kalmomin da Sifaniyanci da Hausa suka aro daga Larabci. Musulmi sun shiga Andalus, wato yankin Sifaniya na yau, a 711, kuma daularsu ta ƙarshe, Giranada, ta faɗi a farkon Janairun 1492. Masanin tarihin harshen Rafael Lapesa ya ƙiyasta cewa wannan zama ya bar kalmomi fiye da 4000, idan aka haɗa da sunayen wurare. Wasu daga cikinsu sun iso mana ta hanyar Sahara suka iso musu ta mashigin Jibiralta. "Alcalde", shugaban gari, da alƙali kalma ɗaya ce. "Hasta" ita ce hatta. "Azúcar" shi ne sukari. "Alhaja", kayan ado mai daraja, 'yar'uwar hajar da ɗan kasuwa yake kasawa ce. Harsunan biyu duk sun haɗiye "al" na Larabci sun mayar da shi jikin kalmar, kamar yadda muka yi a alƙalami da albasa da aljihu.

A shekarar da Giranada ta faɗi ne Antonio de Nebrija ya buga nahawun farko na wannan harshe a Salamanka, kuma a gabatarwar da ya rubuta wa Sarauniya Isabel ya ce harshe kullum abokin tafiyar mulki ne. Na sa wannan a ɗan tarihin da zai zo a farkon littafin, tare da kafa cibiyar kula da harshen ta Real Academia Española a 1713, da nahawun da Andrés Bello ya buga a Santiyago ta Chile a 1847 domin mutanen nahiyar Amurka, wanda ya kare 'yancinsu na yin harshen yadda ya tsiro a ƙasarsu.

Kalmar da ta fi taɓa ni ita ce "ojalá", wadda ta fito daga Larabcin Andalus da ma'anar "da Allah zai so". Mai ibada da wanda ba ya ibada duk suna faɗinta, yawancinsu ba su san sunan wa yake cikinta ba, kuma dole aikatau da ya biyo ta ya shiga siffar fata. Ita ce za ta buɗe babi na gaba.

20 ga Afrilu, 2024

Babin "subjuntivo", wato siffar fata, wanda ɗalibai a ko'ina suke tsoro, ya zo da sauƙi a rabinsa na farko, saboda umartau ɗinmu yana zaune a yawancin wuraren da yake zaune. "Quiero que vengas", ina so ka zo. "No vengas", kada ka zo. "Para que sepas", domin ka sani. "Que Dios te ayude", Allah ya taimake ka. Gaisuwar rabuwa da addu'a a harsunan biyu kusan ginin tubali ɗaya ne, har 'yar yayata ta rubuta wa Malama saƙon barka da Sallah cike da "que" ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

Rabi na biyu ne ya tsayar da mu, domin a nan Sifaniyanci yana tilasta abin da Hausa take barin mai magana ya zaɓa. "Busco a un hombre que habla árabe" yana nufin akwai wani mutum da na sani mai jin Larabci, shi nake nema. Idan aka sauya wasali ɗaya aka ce "que hable árabe", to ko wane ne nake nema, kuma mai yiwuwa babu shi. "Aunque llueve" shi ne ko da yake ana ruwa, "aunque llueva" kuma ko da za a yi ruwa. "Creo que viene" yakan koma "no creo que venga" da zarar shakka ta shigo. A kowace jimla mai rassa, mai magana yana sa hannu ne a kan ko abin da yake faɗa ya tabbata a wurinsa ko yana rataye. Abokin aikina ya ce wannan ya yi kama da halin malamin hadisi da ba ya barin magana ta wuce sai ya faɗi darajarta, kuma na roƙe shi izinin sa wannan kwatance a littafin.

Babin shuɗaɗɗen lokaci kuwa na rushe shi gaba ɗaya. Na rubuta shi bisa zaton cewa "pretérito" shi ne "ya yi", "imperfecto" kuma "yana yi" da "yakan yi", amma ɗalibai uku duk sun faɗi a kan aikatau na sani da so. Bahaushe yana cewa "na sani" a kan abin da yake sane da shi yanzu, alhali "supe" yana nufin na samu labari a wani lokaci, "sabía" kuma ina sane tun da. Haka "conocí", na haɗu da shi karon farko, da "no quiso", ya ƙi. Sai na sake tsara shi daga tushe.

11 ga Mayu, 2024

Malama ta kira ni a darasi bayan na tashi ɗauko littafi, na amsa da "ya vengo" da nufin ga ni nan zuwa, ta gyara mini zuwa "ya voy". A Sifaniyanci "venir" na motsi ne zuwa inda mai magana yake, saboda haka wanda aka kira tafiya yake yi, ba zuwa ba, kuma "ya vengo" a bakinsu ya fi kusa da "yanzu zan dawo". Daga wannan gyara na shiga babin motsi.

Leonard Talmy ya raba harsuna a 1985 bisa abin da aikatau na motsi yake ɗauka. A wasu, kamar Ingilishi da Jamusanci, aikatau yana faɗin salon tafiyar, wata ƙaramar kalma kuma ta faɗi hanyar. A wasu, kamar Sifaniyanci, aikatau yana faɗin hanyar, salon kuma ya zo daga baya idan an ga dama. Hausa tana tare da Sifaniyanci a nan: shiga, fita, hau, sauka, ƙetare su ne "entrar", "salir", "subir", "bajar", "cruzar", kuma "salió corriendo" shi ne "ya fita da gudu" kalma da kalma. Dan Slobin ya sa yara da manya masu harsuna dabam-dabam su ba da labari daga littafin hotuna guda ɗaya marar rubutu, ya ga masu Sifaniyanci sun fi siffanta wurin da abin ya faru, suna barin mai sauraro ya hasko yadda aka yi tafiyar, yayin da masu Ingilishi suke bin motsin daki-daki. Ya kira wannan tunanin da ake yi domin magana, wato shirin da zuciya take yi a daidai lokacin da za ta zuba abin da ta gani cikin ƙirar wani harshe.

Abu biyu Hausa take da su da na kasa samar wa madadi. Na farko shi ne "o" na giredi na shida, wanda yake juyo da kowane aiki zuwa wajen mai magana: fita da fito, sauka da sauko, saya da sayo. Sifaniyanci yana da wannan a "ir" da "venir", da "llevar" da "traer", amma "sayo mini goro" sai an warware shi zuwa aikatau biyu, saya ka kawo. Na biyu shi ne amsa-kama. Na yi minti goma ina ƙoƙarin bayyana wa Malama "ya faɗa ruwa tsundum" da "yana tafiya tinƙis-tinƙis", a ƙarshe sai da na tashi na taka mata a gaban kyamara.

1 ga Yuni, 2024

Na rubuta daftarin gabatarwa, inda dole in faɗi matsayata a kan tambaya ta biyu. Ra'ayin da ake jingina wa Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf, a siffarsa mai tsauri da take cewa mutum ba zai iya tunanin abin da harshensa bai tanada ba, ban ga abin da ya goyi bayansa a wata biyar ɗin nan ba. Ƙanena ya fahimci bambancin "hable" da "habla" cikin yini biyu, Malama kuma ta fahimci "sayo" da zarar na bayyana mata. Na tsaya ne a kan maganar Roman Jakobson ta 1959, cewa harsuna sun bambanta a abin da ya zama dole su faɗa, ba a abin da za su iya faɗa ba. Abin da ya zama dole a faɗa kullum shi ne abin da ido yake sabawa da nema, kuma na kawo shaidar babobin da na gama: hali ko yanayi, tabbas ko rataye, ganganci ko tsautsayi a wurinsu, wa ko ƙane, kai ko ke, nan ko can a wurinmu.

Na fara tara kayan babin ma'anar kalmomi. "Esperar" ta haɗe jira da fata da tsammani, "saber" da "conocer" sun raba sani gida biyu, "ji" ɗinmu kuma ya watse zuwa "oír" da "sentir" da "oler" da "entender". Akwai kuma binciken Emanuel Bylund da Panos Athanasopoulos na 2017, wanda ya nuna cewa masu Sifaniyanci, da suke auna lokaci da yawa su ce "mucho tiempo", da mutanen Suwidin, da suke auna shi da tsawo, abubuwa dabam-dabam ne suke ruɗa su idan aka ce su ƙiyasta daƙiƙoƙin da wani abu ya ɗauka. Mu muna cewa dogon lokaci da gajeren lokaci, sai na sa shi cikin abubuwan da zan faɗakar da ɗalibi a kai.

Babi bakwai sun kammala, na shuɗaɗɗen lokaci yana kan gyara na biyu, huɗu ban fara rubuta su ba, ciki har da na "por" da "para" wanda har yanzu ban sami ƙofar shigarsa daga Hausa ba. 'Yar yayata tana cikin jarrabawar kammala sakandare, saboda haka gwajin babin da na sake rubutawa zai jira zuwa ƙarshen wata. Kafin nan na ba ƙanena da abokin aikina tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya su fassara kowa shi kaɗai, domin in ga a waɗanne jimloli za su saɓa wajen zaɓen "pretérito" da "imperfecto", kuma Malama ta yarda ta duba fassarorin biyu a darasin mako mai zuwa.